Jikin Hadi Yana Cin Kansa

Litinin, bayan azahar

Mako na uku ke nan rabona da Zandam. Na fito da riga ɗaya da silifas, ina cewa kafin magariba zan koma in ɗaure awaki. Ga ni har yau a ƙarƙashin darbejiyar asibitin Birnin Kudu, cikin masu jinya, kowa da tabarmarsa da butarsa.

Hadi yana ciki, gadon da ke jikin taga. Ƙanena ne, autanmu. An aske masa rabin kai, an yi aiki, an ɗinke, bai farka ba. Roba a hanci ta abinci, roba a hannu ta ƙarin ruwa, roba ta fitsari. Numfashi dai da kansa yake yi yanzu. Sun ce wannan abin godiya ne. Na gode.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne zufa. Mutum yana kwance, ko yatsa ba ya ɗagawa, amma gumi na tsatstsafo masa kamar mai huɗa da tsakar rana. A canja zani, ya jiƙe, a sake canjawa. Jijiyar wuyansa tana bugawa kamar wanda ya sha gudu. Malam Sabo, mutumin Yalwan Damai da ke jinyar mahaifinsa a gadon kusa da mu, ya leƙo ya ce, "Nu'uman, ƙanen nan naka noma yake yi a can inda yake. Ka bar shi, wataƙila ya riga ka gama firi."

Na yi dariya don kada ya ji kunya. Gonata ko firin, noman farko, ba a yi mata ba.

Talata, da hantsi

Inna ta sa an kira ni. Idanunta sun mutu tun bara, gwiwa kuma ba ta barin ta shiga mota, sai dai waya. Ba ta kiran sunana, ni ne ɗan fari. Ta ce, "Kai, Auta yana cin abinci?"

Na ce, "Yana ci, Inna."

Ba ƙarya na yi ba. Ana zuba masa.

Laraba, bayan la'asar

Gwaggo Kaltume ce ke riƙe da abincinsa. Ƙanwar babanmu ce, ita ta baro gidanta ta zo tun kwanakin farko, ba wanda ya roƙe ta. Tana da murhun gawayi a bayan ɗakin, a can take dama kunu, ta tace, ta zuba a filas. Sista Sharifa ta koya mata yadda ake ɗura shi da babban sirinji a robar hanci, ta kuma faɗa mata abin da za a haɗa: gero, waken suya, gyaɗa, madara, ƙwai, ɗan mai, sau shida a wuni. Ni nawa sayowa ne da juya shi da goge masa jiki.

Yau ina goge shi na kama damtsensa. Hadi ɗan dako ne a kasuwar Gwaram, buhun masara yake saɓawa ya tsaya yana gardamar ƙwallo da shi a kafaɗa. Wannan damtsen da hannu biyu ban iya zagaye shi. Yau hannuna biyu sun zagaye har yatsu sun hau juna.

Alhamis, da safe

Mijin ƙanwarmu Jummai ya zo, direban motar da Hadi ya faɗo daga kanta. Ya tsaya a bakin ƙofar asibiti da kiret ɗin ƙwai da galan na madarar shanu. Malam Sabo ne ya zo ya gaya mini. Na ce ya ce masa ba na nan.

"To ƙwan fa?"

"Ya kai wa fasinjojinsa."

Juma'a, bayan masallaci

Zufa. Zazzaɓi. Zufa.

Asabar, bayan azahar

Masu dubiya sun zo daga gida, cikin mota guda. Suka shiga bibbiyu, suka fito suna cewa Allah ya sawwaƙe, jiki ya yi kyau. Ɗaya daga cikin abokan dakonsa ya fito bai ce komai ba, ya zagaya bayan ɗakin ya daɗe. Shi kaɗai na yarda da dubiyarsa.

Sun ce ciyawa ta rufe geron gonar fadama. Sun ce za a yi mini gayya idan kowa ya gama tasa. Ban ga laifinsu ba. Damina ce.

Lahadi, da hantsi

Kullum suna huda masa yatsa su ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Tun makon jiya na ji Sista na ce wa abokiyar aikinta sugansa ya hau, aka fara yi masa wata ƙaramar allura. Gwaggo na wajen, ta riƙe baki. Da muka fito ta ce, "Ciwon Malam ne ya dawo mana." Mijinta marigayi ciwon suga ya yi, ita ta riƙe shi shekara da shekaru. Na ce mata Hadi bai taɓa yin suga ba. Ta ce, "Shi ma Malam bai taɓa yi ba sai ranar da ya yi. Ka bar mini wannan, ɗan nan, na san shi kamar tafin hannuna."

Na bar mata. Wa ya fi ta sani?

Yau na tuna da maganar ne saboda haƙarƙarinsa. Ina iya ƙirga su daga bakin ƙofa.

Litinin, bayan la'asar

Inna: "Auta yana ci?"

"Yana ci, Inna."

"A sa masa gyaɗa da yawa, yana son ta."

"Ana sawa."

Laraba, da magariba

Dole in rubuta wannan.

Hadari ya taso da la'asar, kowa ya kwashi kayansa zuwa baranda. Na ɗauki buhun kayan Gwaggo, na ji nauyi, gindinsa ya yage. Gwangwanayen madara suka gangaro. Duk wadda na sayo tun makon jiya, ba a fasa ko ɗaya ba. Ga ƙullin gyaɗa yadda na kawo shi. Ga geron.

Na buɗe filas na zuba a murfi. Ruwa ne, ruwa mai launin ƙasa, da ɗaci. Na ce, "Gwaggo, mene ne wannan?"

Ta ce, "Alkama ce da ruwan shuwaka. Mai suga ba ya shan gero, ba ya shan madara. Maiƙo kuma ga zazzaɓi? So kake ka kashe shi?"

"Sau nawa kike ba shi?"

"Uku. Mutum yana kwance ba aikin fari ba na baƙi, ina zai kai shida?"

Na ɗaga mata murya a gaban mutane. Matar da ta goya ni. Ban san me na ce ba duka. Na dai san Malam Sabo ya riƙe ni yana cewa, "Haba, haba, uwa ce fa."

Alhamis, bayan azahar

Na ɗauki filas ɗin na kai wa Sista Sharifa. Ta shinshina, ta dube ni, ta tafi ta kira likita. Ya sa aka kira Gwaggo, ya ba ta kujera. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

Ya ce, "Hajiya, wannan ba irin ciwon maigidanki ba ne. Idan ƙwaƙwalwa ta sha irin wannan bugu, jiki sai ya tashi tsaye kamar an shigo gari da yaƙi. Zuciya ta yi ta gudu, jiki ya yi zafi, ya zubo suga cikin jini don ya samu abin ƙonawa. Wannan yaron da kike gani a kwance, abincin da jikinsa ke ci ya fi na mai noma tun safe har yamma. Idan bai samu daga waje ba, sai ya juya ya ci naman kansa. Cinya, damtse, har naman ƙirji da yake numfashi da shi."

Gwaggo ta ce, "To sugan fa, likita?"

"Sugan namu ne, da allura muke riƙe shi. Abincin naku ne."

Na tambaye shi abin da ke cina. Na ce da an ba shi yadda aka ce, da bai rame ba? Ya ce da ya rame, domin a makonnin farko ba abincin da ke kashe wannan wutar gaba ɗaya, sai dai ya rage mata ci. Ya ce, "Amma da bai kai haka ba." Ya faɗi gaskiya gaba da baya, na yaba masa da wannan.

Ya ce daga yau ƙwai kullum, madara kullum, kada a tsallake ko sau ɗaya.

Gwaggo ta tashi, ta gyara mayafi. A baranda ta ce, ba da ni take ba, "Da wannan kunun na riƙe Malam." Ta maimaita har sau uku.

Da shi ta riƙe shi kuwa. Ni shaida ne.

Juma'a, da safe

Ta dama na gaskiya yau, mai kauri, ta tace sau biyu don ya bi roba. Na ce, "Gwaggo, ina kwana." Ta ce, "Lafiya."

Asabar, bayan la'asar

Cikinsa ya ƙi karɓa. Kafin a ba shi na gaba Sista ta ja da sirinji, na ɗazu ya dawo kusan yadda ya shiga. Ta ce haka masu bugun kai suke, ciki yakan yi nauyin aiki, a rage yawa a yawaita ba shi, a ɗaga masa kai.

To ka ji. Jiki na kukan yunwa, ciki ya rufe ƙofa. Ni da wa zan yi faɗa?

Lahadi, da hantsi

Ya yi amai. Zawo kuma.

Litinin, bayan azahar

Mijin Jummai ya sake zuwa. Ashe duk Litinin da Alhamis yake zuwa, ya tsaya, ya koma da kayansa. Malam Sabo ya ce, "Ni dai ka tausaya mini, ƙafata ta gaji da kai saƙon ba ka nan. Mutumin nan yana hango ka a kan tabarma."

Abin da na zo da shi ya ƙare, abin da aka aiko ya ƙare. Likita ya ce ƙwai kullum. Na tashi na fita wajen mijin Jummai.

Ya rame shi ma. Ya durƙusa a gefen motar tasa, a-kori-kurar nan, har yanzu da farin taki a lungunan bayanta. Ban so na kalle ta ba.

Ya ce, "Yaya Nu'uman, ya mai jiki?"

"Yana nan."

"Yaya, ni na ce ya hau saman kaya. Mutum biyu suka tsayar da ni a hanya, na ce ya ba su gaba."

"Na sani."

"Ya ce shi da ma ya fi son iska."

"Wannan ma na sani. Ba tambayarka na yi ba, Salisu. Kawo ƙwan."

Ya miƙo da hannu biyu. Ya ce kajin gidansa ne, madarar kuma daga rugar bayan garinsu yake karɓowa da asuba. Ya ce Jummai ba ta yi masa magana tun ranar, abinci ma sai dai ta ajiye ta wuce. Na ce wannan tsakaninku ne. Ya ce ko zai iya shiga ya gan shi? Na ce a'a.

Ban yafe ba. Ƙwai na karɓa. Amma gaskiya ɗaya ce, duk direban da ke bin hanyar nan yana ɗora mutum a saman kaya, ni ma na sha hawa. Kuma Hadi ya fi son iska.

Laraba, da safe

Ya riƙe abincin jiya duka. Shida cikin shida.

Alhamis, bayan la'asar

Shida cikin shida. Kuma damtsen na ci gaba da tafiya. Yau da hannu ɗaya na kama, babban yatsa da na tsakiya sun kusa haɗuwa. Kamar ana zuba ruwa a tulun da gindinsa ya fashe. Na ce wa Sista, ina abincin yake zuwa? Ta ce, "Malam, yana ƙonewa. Abin da muke nema yanzu kada wutar ta fi mu sauri."

Juma'a, bayan masallaci

Gwaggo ta fito da sauri tana murmushi, rabona da ganin haƙoranta tun ranar hadari. "Zo ka gani, ya fara ƙiba! Dubi ƙafafun!"

Ƙafafun sun yi taf. Sista ta danna da yatsa, ramin ya zauna bai taso ba. Ta ce ruwa ne, ƙarfin jinin ne ya yi ƙasa har ba ya riƙe ruwa a cikin jijiya. Ta faɗa a hankali don tsohuwar.

Gwaggo ta koma wajen murhunta.

Asabar, da hantsi

Gyambo ya ɓullo a ƙugunsa, inda ƙashi ke gogar katifa. Ina juya shi yadda aka ce, wallahi ina juyawa. Ba naman da zai tare ne.

Lahadi

Ba abin rubutawa.

Talata, bayan azahar

Ƙirji ya kamu. Numfashi na ƙara kamar ana jan ruwa da tsinken kara, ba shi da ƙarfin tari. Sun sa masa iska, sun canja allurai, suna zuƙe majinar da na'ura. Likita ya ce naman da mutum ke tari da shi yana cikin abin da jikin ya cinye.

Mahaifin Malam Sabo ya samu sauƙi, an sallame su. Ya bar mini tabarmarsa, ta fi tawa. Ya ce, "Idan ƙanenka ya dawo daga gonar tasa, ka ce ina bin sa dami ɗaya." Ya juya da sauri ya tafi.

Yanzu ba mai sa ni dariyar dole.

Laraba, da magariba

Inna: "Yana ci?"

"Yana ci."

"Muryarka fa?"

"Mura ce, Inna."

Asabar, da safe

Zazzaɓin ya sauka. Zanin da na shimfiɗa jiya da shi ya kwana, a bushe. Na taɓa, na sake taɓawa. Sun daina ƙaramar allurar ma, sun ce sugan ya dawo daidai da kansa. Gwaggo ta ji, ta ce, "Ashe sugan tafiya zai yi da kansa."

Wutar ta fara mutuwa. Sai dai ban san ko don an kashe ta ba ne, ko don ba sauran itace.

Litinin, bayan la'asar

Ya buɗe ido.

Na dama kawai, na hagu a rufe yake. Da can yakan buɗe ya zuba wa silin, amma yau da na zagaya gadon idon ya biyo ni. Na koma ɗaya gefen, ya biyo ni. Na ce, "Hadi, Yaya ne." Ba komai. Na ce, "Kai ɗan dako, tashi, mota ta iso." Ba komai. Idon dai yana kaina.

Ban yi murna yadda na zata ba. Na ga ido ne a cikin ƙoƙon kai, na rasa inda sauran ƙanena ya tafi.

Alhamis, da hantsi

Salisu ya kawo ƙwai. Na ce ya shiga. Ya shiga, bai fi ƙiftawar ido ba ya fito, ya dafa bango. Na bar shi a wurin. Da zan wuce na ce, "Litinin ka ƙaro madarar."

Asabar, bayan azahar

Mai gashin ƙashi ta zo ta nuna mini yadda zan riƙa lanƙwasa masa gaɓoɓi kada su sandare. Ta sa yatsunta a hannunsa na dama ta ce ya matse. Ya matse, kamar jariri. Na hagu shiru.

Gwaggo ta gwada masa kunu a cokali, Sista na tsaye. Ya haɗiye na farko, na biyu, na uku. A na huɗu ya ƙware, aka tsaya. Gwaggo ta riƙe cokalin tana kuka ba sauti. Na ce, "Gwaggo, ki yafe mini abin da na faɗa ranar nan." Ta ce, "Ni wa zan ce wa ya yafe mini? Shi ko magana ba ya yi."

Talata, bayan la'asar

Likita ya ce abin da ya rage abinci ne da juyi da motsa jiki, kuma wannan a gida ma za a iya, mu riƙa dawowa ana dubawa. Da robar hancin za mu tafi. Na ce zai yi magana? Zai tashi? Naman zai dawo? Ya ce nama yana iya dawowa a hankali, cikin watanni, idan ana ci ana motsawa. Sauran kuma bai sani ba, ba zai yi mini alkawarin abin da ba shi da shi ba.

An aiko cewa ba a samu yin gayyar ba. Gonar fadama ta tafi. To.

Laraba, da magariba

Na kira Inna da kaina. Na ce gobe muna tafe. Ta yi ta hamdala, tana kiran maƙwabta. Na ce, "Inna, tsaya. Ya rame. Ya rame ƙwarai. Ba za ki gane shi ba."

Ta ce, "Ni da ba na gani? Da hannu zan gane shi. Kafaɗun nan nasa ko cikin mutum dubu na san su."

Na dubi gadon da yake kwance.

Ta ce, "Ba ka ce yana ci ba?"

Na ce, "Yana ci, Inna."

Alhamis, da safe

Sun ce a auna shi kafin mu fita. Ba ya tsayuwa, don haka na hau sikeli ni kaɗai, sannan na sauka na ɗauko shi a hannu na sake hawa, Sista ta cire nawa. Na ɗauke shi kamar damin kara. Ƙashin bayansa na sukar hannuna.

Gwaggo ta naɗe kayanta, ta rungume filas. Mota na waje.

Ga abin da na iya tsirarwa. Ido ɗaya da ke bin mutum. Hannu ɗaya da ke matsawa. Haɗiya, cokali uku. Numfashi, nasa na kansa. Kilo arba'in da ɗaya.

Shi zan sa a hannun Inna.